Santin Jakada

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen jikoki sai na yi lalube, amma ranar Larabar da aka kawo jakada gidan saukar baƙi ba ta cikin abin da ya kwashe. Ku da kuke aikin kicin ɗin hukuma yanzu kun sha jin guntayen labarin a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. To ni ce Tabawa, daga bakina maganar ta fito, don haka ku ji shi daga wurina. Ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba. Malama Hadiza ta ƙungiyarmu ta tsofaffin ma'aikata ce ta ce in faɗa ta rubuta, ni kuma na ce mata kada ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Lokacin mulkin soja ne, a shekarun da damina ta yi ta yi mana rowa. Ba zan ce muku shekara kaza ba, domin ni ba da lamba nake riƙe shekaru ba. Amma duk wanda ya taɓa bin layin sabulu da madara ya koma gida hannu rabbana ya san lokacin da nake nufi. Gero ya fid da kai ya bushe a tsaye. Matan da a da ba sa kallon tafasa suka koma neman ta a bakin gonaki. Ni kuwa mijina ya rasu ya bar mini 'ya'ya huɗu da gona ɗaya, wadda ko a shekarar albarka ba ta cika rumbu. Aikin hukumar nan shi ne rumbuna.

Bari in bayyana yadda tsarin yake, saboda waɗanda ba su ga zamanin ba. A saman ƙaramar hukuma akwai Kantoma, wanda gwamnan soja yake naɗawa a maimakon ciyaman. A ƙarƙashinsa akwai Sakatare, shi yake riƙe da fayil ɗin kowane ma'aikaci, kuma idan ya ja jan biro a kan sunanka an gama. Sai ma'aji, sai mai kula da sito, sai akawuna. Mu 'yan gidan saukar baƙi muna can ƙasa, kusa da masu shara da masu gadi. Gidan ɗaki shida ne da babban falo, a kan hanyar da ta nufi madatsar ruwa ta Watari. Duk babban da ya zo daga Kano duba noman rani, a nan yake cin abincin rana.

Masu girki mu biyu ne. Ni ina mataki na ɗaya, wato na ƙarshe, dangwale nake yi da babban yatsa. Aikina tuwo da miya da fura, na direbobi da masinjoji da 'yan rakiya. Ɗayan shi ne Malam Audu, mataki na uku, wanda iyayensa suka zo daga Borno tun yana goye. Ya daɗe yana yi wa Turawan kamfani girki a Kano, yana da takardun shaida guda uku a cikin leda, yana jin Turanci, yana karatu. Shi yake dafa na manya: dankalin Turawa, kifin gwangwani, da wata farar miya mai kama da kunu wadda ake sha da cokali kafin a ci abinci. Shi yana ciki da risho, ni ina baya da itace. Ina kiransa Kukun Turawa, yana kirana Uwar Tuwo. Shekara tara ba mu taɓa faɗa ba, ba mu kuma taɓa yini ba mu tsokani juna ba.

Sai maganar rage ma'aikata ta zo. Aka ce gwamnati ba za ta iya riƙe kowa ba, kowane sashe sai an rage, kuma a kicin kuku ɗaya ya isa. Ba sai an yi mini bayani ba. Ga mai takarda uku, ga mai dangwale. Tun daga ranar hankalina bai ƙara kwanciya ba. Da na hango masinja ya nufo gidan da ambulan sai in kama salati, ko da kuwa takardar gyaran famfo ce ya kawo. Aka ce ƙarshen wata za a manna sunayen waɗanda aka sallama a allon sanarwa.

Saura kwana goma sha biyu Sakatare ya aiko a kira mu, mu biyu. Na yafa mayafi na tafi ina karanta duk addu'ar da na iya. Malam Audu ya tsaya daga gefe da hularsa a daidaice, ni na durƙusa.

Sakatare ya ɗaga wata takarda ya ce daga sama take. Gwamnati ta ce daga yanzu duk baƙon da ya zo, ko daga wace ƙasa, abincin ƙasarmu za a ba shi. Ba fulawa, ba gwangwani, ba abin da aka shigo da shi ta jirgi. Ya ce ana so duniya ta san muna da namu abincin, muna da asali, ba mutanen da sai an miƙo musu ba ne. Ranar Larabar makon gobe kuma jakadan wata ƙasar Turai zai zo da mutanensa su ga noman rani, ana fatan ƙasarsu ta taimaka da injinan ban ruwa. A kanmu za a fara gwada sabon umarnin.

"Tabawa," ya ce, "wannan karon tukunyarki ce a gaba. Audu zai shirya tebur ya raba abinci. Idan aka fita kunya, Kantoma zai gani. Idan aka sha kunya, nan ma zai gani. Kin gane?"

Na ce, "Na gane, ranka ya daɗe."

Da muka fito Malam Audu ya ce, "Uwar Tuwo, yau muciya ta hau kujera."

Na ce, "Bari ta hau tukuna, kada ta faɗo ta karye."

Ya yi 'yar dariya, daga nan har muka isa gidan bai sake cewa komai ba. A lokacin ban kula da shirun nasa ba. Kaina nake ji.

Ranar Litinin aka turo mana jami'in tarbar baƙi daga Kano, wani matashi Malam Isiyaku, da kwat da fayil a hammata. Aikinsa shi ne ya tsara inda kowa zai zauna, da wanda zai fara magana, da abin da za a ci, kuma shi ne tafinta. Yaro ne mai ladabi, ban ɗauke masa wannan ba, amma tsoro ya cika shi kamar yadda ya cika ni. Shi ma akwai mai jan biro a kansa.

"Inna, me za ki dafa?"

Na ce tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, sai tuwon shinkafa da taushe ga wanda ya fi so, sai fura da nono a rufe da ita.

"Kuka? Inna, jakada ne fa."

"Yallaɓai, takarda abincinmu ta ce. Ka shiga gida goma a garin nan da magariba, tara kuka za ka tarar, na goman ma ita suka ci jiya."

Ya rubuta. Sai muka shiga sito. Ya buɗe wani kwano, ya ja baya yana toshe hanci. Daddawa ce.

"Wannan kam a'a," ya ce. "Barkono kaɗan, nama ba ƙashi, daddawa kuma ko ƙwaya. Ki sa dunƙulen kanti."

"Yallaɓai, miyar kuka ba daddawa ai ruwan ganye ce."

"Inna, ni na zauna da mutanen nan, na san hancinsu. Warin nan zai tashe su daga tebur. Ga shi na rubuta a fayil: ba daddawa. Idan na ji ta, dole in rubuta cewa an saɓa umarni, kuma ba na so in rubuta."

Ya sa mai sito ya ɗauke kwanon ya kulle a kabad.

Daga nan aka bi ƙa'ida. Ma'aji ya sa hannu, mai sito ya auno mini dawa da shinkafa. Dawar da ta zo kuwa rabinta tsakuwa da ƙaiƙayi, irin ta shekarar, sai da na zauna na tsince ta ƙwaya-ƙwaya kafin in surfa. Duba-gari ya zo ya duba tukwane da farcenmu da randar ruwa. Aka gaya mana ranar Laraba da hantsi wani ɗan sanda zai ɗanɗana kowace tukunya kafin a kai tebur, haka dokar tsaron baƙi take.

Ranar Talata na kaɗa 'yar miya a ƙaramar tukunya, yadda aka ce, da dunƙule. Kukar mai kyau ce, ni na shanya ta a inuwa, koriya shar. Na ɗanɗana. Gishiri ya ji, yauƙi ya yi, amma miyar ba kowa a cikinta. Na ɗiba a ludayi na kai wa Malam Audu. Ya lasa, ya dube ni.

"Uwar Tuwo, yaushe za a yi mata salla?"

"Wa?"

"Miyar nan. Ai ta rasu."

Ban yi dariya ba. Na koma bayan kicin na zauna a kan turmi. Idan na bi umarni, zan kai wa Kantoma da Sakatare miyar da suka san ba miya ba ce, su da aka yaye su da kuka, kuma a ce wannan ita ce iyakar hannun Tabawa. Baƙo ya tafi ƙasarsu ya ce abincin mutanen nan ba ya da ɗanɗano. Idan na saɓa, ga fayil. Ta ko'ina allon sanarwa nake hangowa. Na kuma faɗa muku gaskiya, ba tsoron yunwa kaɗai ne ya dame ni ba. Tun ina budurwa a Bagwai, gidan biki idan an ce ni ce a kan tukunya, mata ba sa tafiya sai sun ga ƙarshenta. Ban ga yadda zan tsaya kusa da wannan gawar in ce tawa ce ba.

A gida ina da daddawa tawa ta kaina, daga kalwar ɗorawar da ke gonar marigayi. Ni na dafa, ni na rufe ta ta nuna, ni na shanya. Mahaifiyata ta koya mini wata dabara: a ɗan gasa ta a garwashi, a daka ta da citta da kanumfari da masoro har ta yi laushi. Idan aka yi haka warin yana kwantawa, daɗin ya tsaya. Da la'asar ɗin nan na gasa, na daka, na ƙulle a bakin zanena. Har na ƙulle ban yanke shawarar zan sa ba. Na ce wa kaina kawai ina tafiya da ita.

Laraba da sassafe na hura wuta. Na yi talge, na tuƙa tuwo har kafaɗata ta amsa, na kwashe malmala-malmala a akushi. Ruwan miya yana tafasa da naman rago a ciki. Na tsaya a kansa da maburgi a hannu. Sai na ga hannuna ya tafi bakin zane da kansa.

Ina cikin zubawa Malam Audu ya fito ɗaukar tire. Ya ga ƙullin a buɗe, ya ga garin a tafina. Muka dubi juna. Ku tuna, kuku ɗaya za a bari. Kalma ɗaya idan ya faɗa, ta ishe shi.

Kafin wani ya yi magana muka ji takun takalmin Malam Isiyaku a baranda. Malam Audu ya juya ciki da sauri. Na ji ƙarar kasko a kan risho, sai hayaƙi ya turnuƙe ƙofar.

Malam Isiyaku ya shigo yana shaƙar iska. "Kamar ina jin wani abu."

"Albasa ce na ƙona, yallaɓai," in ji Malam Audu. "Hankalina ya tafi kan tebur."

"Haba Malam Audu. Yau ce ranar da za ka ƙona albasa? Kai da aka ce ka yi aiki da Turawa?"

"A yi haƙuri, yallaɓai."

Mutumin da shekara tara ban taɓa ganin ya ƙona ko ƙwai ba, ya tsaya da kai a sunkuye yaro yana yi masa faɗa. Ni kuwa na kaɗa kukata na rufe tukunya.

Da hantsi ɗan sandan ya zo, wani dattijo mai igiya uku. Ya ɗanɗana taushe, ya ɗanɗana fura. Da ya zo kan kuka ya lasa, ya ɗago ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya sake ɗiba, ya ce don ya tabbatar. Ya ɗiba na uku. Sannan ya sa hannu a takarda ya fita.

Bayan azahar motoci suka iso daga Watari. An ba ni sabon zane da kallabi, aka tsayar da ni a falo kusa da akusa da ƙore, wai baƙi su ga wadda ta dafa. Kantoma yana tsakiya da kakinsa, jakada a damansa, Sakatare a hagunsa, sai ma'aji da sauran manya. Malam Isiyaku yana tsaye a bayan kujerar jakada. Jakadan tsoho ne dogo, rana ta mai da fuskarsa ja. Malam Audu ya kawo masa cokali, ya ƙi, ya nuna hannun Kantoma, wato yadda ake ci zai ci. Aka zuba masa ruwa ya wanke hannu.

Na zuba wa lomar farko ido kamar raina ne a cikinta. Ya gutsura, ya dangwala, ya kai baki. Sai ya kama tauna. Tuwo fa, yana tauna shi kamar nama. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Na ce shi ke nan. Loma ta biyu ya kalli yadda Kantoma yake yi, ya haɗiye. Ta uku ya ƙara man shanu da kansa. Falon ya yi tsit, ba ka jin komai sai fanka. Malam Isiyaku kuwa hancinsa yana motsi, yana kallon kwanon, yana kallona. Na san ya gane. Na ga ya matse fayil ɗinsa a ƙirji.

Malmala ta ɗaya ta ƙare, jakada ya ja ta biyu. Can sai ya ɗago da miya a yatsunsa ya yi wata doguwar magana, idonsa a kan taga. Malam Isiyaku ya fassara, da muryar aiki:

"Mai girma jakada yana tambaya, idan mutum ya yi ritaya, ko ana iya ba shi 'yar gona a kusa da ruwan nan. Kuma yana tambaya ko jakin garin nan zai iya ɗaukar mutum mai tsawonsa."

To kun san santi. A wurinmu mai cin abinci ba ya yabo, ba ya surutu. Idan daɗi ya kwashe mutum har ya saki maganar da ba ta da kai ba ta da gindi, an kama shi ke nan, sai a yi ta yi masa dariya, a ce a sa masa waigi, irin itacen da ake tokare tayar mota da shi a gangara. Duk Bahaushen da ke falon nan ya san abin da ya faru. Kantoma ya ɗaga kai yana duban silin. Sakatare ya ciji leɓe. Ma'aji ya sunkuya kamar yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur. Ba wanda ya isa ya yi motsi, baƙon gwamnati ne.

Ni kuwa kwana tara ina ɗauke da tsoro, sai ga shi mutumin ya yi santi a kan miyata. Bakina ya riga hankalina.

Na ce, "A sa masa waigi."

Ban ɗaga murya ba, Allah ya sani. Amma falon shiru yake. Ma'aji ya sarƙe, ya kama tari. Kantoma ya sauke kansa daga silin ya dube ni, irin kallon da soja yake yi. Na yi wa baƙon gwamnati ba'a a gaban Kantoma, a ranar da ake roƙon injina. Abin da ya zo mini a rai shi ne fuskokin 'ya'yana huɗu a bakin murhu.

Jakada ya tambayi abin da na ce. Ban ji Turanci ba, daga baya Malam Audu ya ba ni labarin yadda aka yi. Malam Isiyaku ya ce masa wai na ce na gode. Jakada ya ce, idan godiya ce, me ya sa wancan yake neman shiɗewa? Sai ya juya wajen Malam Audu, wanda yake tsaye da butar ruwa, ya ce kai gaya mini.

Malam Audu ya dubi Kantoma. Kantoma bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai ya ajiye butar ya fara bayani da Turancinsa na kicin, a hankali, yana nuna kwano, yana nuna baki, yana kwatanta mota a gangara da hannunsa. Ban taɓa jin magana mai tsawo irin wannan ba.

Da ya gama, ido ya koma kan jakada. Ya dubi yatsunsa. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza, dariya ta ƙwace masa, har ya cire tabarau yana share ido da bayan hannu. Ya ce, in ji Malam Audu, aikinsa duk tsawon rayuwarsa shi ne kada ya furta kalmar da bai auna ba, yau ga miya ta sa shi tambayar jaki. Ya fito da ɗan littafi daga aljihu ya ce a maimaita masa kalmar. Ya rubuta. Ya ce to ina waigin, a kawo, don bai gama ba.

Sai Kantoma ya yi dariya. Da ya yi, Sakatare ya yi, sannan ma'aji, sannan sauran. Ko dariya a aikin gwamnati bisa mataki take saukowa. Ni ban yi ba. Ba ta iso mataki na ɗaya ba tukuna.

Ina shirin in sulale sai jakada ya sake magana. Ya ce akwai wani ɗanɗano a ƙarƙashin miyar wanda bai san sunansa ba, mene ne? Malam Isiyaku ya fassara yana kallona. Ina iya cewa dunƙule ne, a wuce wurin. Amma ban taɓa ɓoye wa mai ci abin da na sa a tukunya ba. Na kwance bakin zanena, da ɗan ragowar a ciki, na miƙa da hannu biyu.

Na ce, "Daddawa ce, ranka ya daɗe. An hana ni, na sa. Laifina ne ni kaɗai."

Jakada ya kai hanci, ya ja baya. Ya sake kaiwa, a hankali. Ya ce a garinsu akwai wani cuku da idan ka shiga jirgin ƙasa da shi mutane suna canza wurin zama, kuma shi ne abin da suke ba baƙon da suke girmamawa. Ya tambaya ko zai iya tafiya da wannan.

Kantoma ya juya ya ce, "Isiyaku, buɗe fayil ɗinka. Inda ka rubuta ba daddawa, soke ba ɗin."

Ya buɗe ya soke.

Bayan motoci sun tashi Malam Isiyaku ya zagayo bayan kicin. Ya ce, "Inna, yau kin kusa kashe ni." Na ba shi haƙuri, domin da gaskiyarsa, da abin ya ɓaci da shi za a fara. Ya ɗan tsaya yana juya fayil, sannan ya tambaya ko da saura a tukunya. Na zuba masa. A tsaye ya cinye, ya suɗe yatsu.

Injinan sun zo ko ba su zo ba, ba a gaya wa masu girki.

Ƙarshen wata aka manna takardar. Mutane sun cika gaban allo, wasu suna juyowa suna salati. Na tsaya daga baya, baƙaƙen layuka kawai nake gani. Na ja hannun rigar Malam Audu na ce ya duba mini. Ya matsa ya bi da yatsa tun daga sama har ƙasa, ya sake bi.

"Babu sunanki, Uwar Tuwo."

Na yi hamdala, na sake yi. Sai daga baya na ce, "Naka fa?"

"Ga shi nan, na uku."

Na ce ba zai yiwu ba, ina takardunsa? Ya ce, "Tun ranar da Sakatare ya karanta mana umarnin na san inda ya dosa. Idan an daina dankali da gwangwani, me za a yi da kukun Turawa?"

"Ka sani, ka kuma ƙona albasa?"

"To in bar ki ki kai musu gawa?"

Na koma ofishin Sakatare na durƙusa. Na ce aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, na ce ba don Malam Audu ba da ranar ta ɓaci. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya sani, amma takardar ta riga ta tafi Kano. Ban sake roƙon wani abu a ofis ba har na yi ritaya.

Malam Audu ya kafa teburin shayi a tashar Bagwai. Ni na ƙara shekara goma sha shida a kicin ɗin, na ciyar da baƙi farare da baƙaƙe, har aka riƙa turo mini ma'aikata daga wasu wurare in koya musu gasa daddawa. Kowace Juma'a ina aika masa da kwanon tuwo da miyar kuka, kwanon ya dawo a wanke da ƙullin ganyen shayi a ciki. Na taɓa tsayawa a teburinsa na ce, "Kukun Turawa, shekara nawa kana cin tuwona, ko sau ɗaya ba ka ce ya yi daɗi ba." Ya ce, "Ni ba jakada ba ne, ba za ki kama ni ba."

Abin da nake so ku riƙe, ku masu aikin yanzu, shi ne wannan. Gwamnati tana iya rubuta takarda ta ce a ba baƙo abincinmu, kuma ta yi daidai. Amma idan aka cire masa abin da ake jin kunyarsa, abin da ya rage ba namu ba ne, baƙon ma zai ji ba kowa a ciki. Ku dafa shi yadda iyayenku suka dafa, ku tsaya kusa da tukunyarku. Sannan idan an yaba muku, ku waiwaya ku ga wanda yake tsaye da butar ruwa. Mutane suna ba da labarin nan suna cewa ranar da Tabawa ta sa jakada santi. Ba wanda yake ambaton albasar. Shi ya sa na ce Malama Hadiza ta rubuta, kuma ta rubuta sunansa daidai: Malam Audu, mataki na uku. Allah ya ji ƙansa.